Hoto 48 a Sakan Ɗaya

Tun ƙarshen shekarun 1920, da fim ya fara magana, silima ta tsaya kan hoto 24 a sakan ɗaya, domin sauti ya daidaita ba tare da kashe kuɗi da yawa ba. A 2012 Peter Jackson ya ninka adadin zuwa 48 a fim ɗin almara The Hobbit. 'Yan kallo da dama suka koka cewa ya koma tamkar wasan talabijin. Amma a Gummi, Anka da Bukkuyum, finafinan Hausa na bidiyo, waɗanda suka faro da Turmin Danya a 1990, a kaset suka iso, bidiyon da ke sabunta hoto sau 50 a sakan. Santsin motsin da Turawa suka kira aibu, da shi idon mutanen Zugu ya saba.