Ƙofar Doka da Mas'alar Izinin Shiga

Tun kafin a san kwamfuta, balle manhajojin da bankuna da ma'aikatu suke tantance mutane da su a yau, mutanen Zazzau sun daɗe da yi wa mas'alar izinin shiga nizami. A da, birnin Zariya kewaye yake da ganuwa, wadda ruwaya take jingina wa zamanin Sarauniya Amina, kuma kowace ƙofa, ta Doka ce ko ta Kuyambana ko ta Gayan, tana da sarkin ƙofa mai rufe ta da dare, ba ya buɗewa sai gari ya waye.

Amma alal haƙiƙa lamuni ya fi ƙyaure tsare gari. Fatake in sun iso da jakunansu, wajibi ne su sami mai masauki wanda zai sauke su a zaurensa, ya adana musu haja, ya nemo musu masaya, in kuwa wata fitina ta taso shi mai unguwa zai tuhuma. Watau baƙo yana shiga da mutuncin wani ne, shi kuwa wanin ba ya ba da aron mutuncinsa sai ya auna. Ko bayan an shiga, izini daraja-daraja ne, gama wanda aka yi wa shimfiɗa a zaure ba shi da ikon leƙa cikin gida sai in muharrami ne, bisa ladabin isti'izani da Suratun Nur ta karantar.

Da Turawa suka ci Zariya a 1902, jirgin ƙasa kuma ya iso a 1911, baƙi suka yawaita, sai hukuma ta sake ma'auni: aka ware Sabon Gari domin mutanen Kudu, aka kafa Tudun Wada bayan Ƙofar Doka domin 'yan Arewa waɗanda ba haifaffun birni ba. A ganina nan ne asarar ta soma, domin an bar tambayar wa ya tsaya wa mutum, an koma tambayar asalinsa.

Daga bisani asalin ma ya koma lamba. Babban Bankin Nijeriya ya fito da lambar tantance masu asusun banki, wato BVN, a 2014, sa'an nan a Disamban 2020 aka wajabta haɗa layin waya da lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN. Tsarin ya toshe wa mazambata hanyoyi, ba musu; sai dai dattijon da fartanya ta cinye masa zanen yatsu yakan wuni a layi na'ura tana ƙin sa, alhali liman da mai unguwa suna iya rantsuwa a kansa, ba a kuwa tanadi gurbin shaidarsu ba.