Shanliurfa

Shanliurfa, wanda aka fi sani da Urfa, tsohon birni ne a kudu maso gabashin ƙasar Turkiyya, kusa da iyakar Siriya. A zamanin Girkawa da Rumawa ana kiransa Edessa. A shekarar 1984 majalisar dokokin Turkiyya ta ƙara masa kalmar "Shanli", wato "mai ɗaukaka", saboda turjiyar da mutanensa suka yi wa sojojin Faransa a 1920. Ana kuma yi masa laƙabi da "Birnin Annabawa".

Tarihi

Sarki Seleukus na Ɗaya ne ya sa wa birnin suna Edessa wajen ƙarshen ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Daga baya ya zama fadar sarakunan Osroene, kuma babbar cibiyar Kiristoci masu harshen Siriyanci. Musulmi sun karɓe shi a ƙarni na 7. 'Yan yaƙin Salibiyya sun kafa mulki a nan a 1098, sannan Imaduddin Zangi ya ƙwace shi a 1144.

Wuraren tarihi

Balikligol, wato "tafkin kifi", shi ne wurin da baƙi suka fi zuwa. Mutanen garin sun yi imani cewa a nan ne Namarudu ya jefa Annabi Ibrahim (AS) cikin wuta, sai wutar ta zama ruwa, itacen kuma ya zama kifi. Shi ya sa ba a kama kifin tafkin, sai dai masu ziyara su ciyar da shi. A kusa da tafkin akwai masallacin Halilur Rahman da wani kogo da ake cewa a cikinsa aka haifi Annabi Ibrahim. A kan dutsen da ke saman tafkin akwai tsohuwar ganuwa da dogayen ginshiƙai biyu na zamanin Rumawa.

Gobekli Tepe yana kimanin kilomita 15 arewa maso gabas da birnin. Gine-ginensa na dutse sun haura shekara 11,000, kuma an sassaƙa surar dabbobi a jikin ginshiƙansu. Bajamushe Klaus Schmidt ya jagoranci haƙa a wurin tun daga tsakiyar shekarun 1990, kuma UNESCO ta sanya shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2018. Ana ajiye kayayyakin da aka tono a gidan tarihin birnin, wanda aka buɗe a 2015.

Harran, mahaifar malami Ibn Taimiyya, tana kimanin kilomita 45 daga Urfa, kuma ta yi suna da gidajen laka masu tsinin rufi.

Lokacin ziyara

A watannin Yuli da Agusta zafi kan wuce digiri 40, don haka ziyara ta fi sauƙi a Afrilu, Mayu ko Oktoba.