Tarihin Dakuwa Da Turmin Iyayenmu A Kontagora

Duk wanda ya tashi a Kontagora ya san tiren dakuwa a ƙofar makarantar allo ko a bakin tasha. Mun ci ta muna yara, ba mu taɓa tambayar inda ta fito ba. Ga shi kuwa kowane dunƙule yana ɗauke da tarihi mai tsawo.

Sunanta ma daga daka ya samo asali. Ba a gasa ta kamar biskit, ba a jefa ta a mai kamar cincin. Akan soya aya, ko gyaɗa da masara, a tukunya ba mai, a murje ɓawon, a zuba a turmi da citta, kanumfari, barkono da ɗan gishiri. Sai a yi ta kirɓawa har man da ke cikin ƙwayar ya fito ya haɗe garin, sannan a mulmula. Wannan man ne sirrinta: da yake ba a sa mata ruwa, takan yi kwanaki ba ta lalace ba, shi ya sa ta dace da guzurin matafiyi.

A cikin kayan haɗinta aya ce dattijuwa, don an same ta a kaburburan Misira na zamanin Fir'auna. Gyaɗa, masara da barkono kuwa baƙi ne daga nahiyar Amurka, sun iso gaɓar Afirka ta Yamma ta hannun Turawan Fotugal bayan 1500. Kanumfari asalinsa tsibiran Maluku ne na Indonesiya, ya ratso ƙasashen Larabawa kafin ya kai kasuwanninmu. Ke nan dakuwar gyaɗa ba za ta girmi zuwan gyaɗar kanta ba.

Garinmu ma bai kai waɗannan tsufa ba. Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku kuma jikan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ya kafa Kontagora wajen 1864, a yankin Kambari, tsakanin ƙasar Hausa ta arewa da ƙasar Nufe ta kudu. Nufawa sun yi suna a kan dakuwa, har Yarabawa na kiranta donkwa ko tanfiri. Zaman garinmu a kan hanyar Jebba da Mokwa zuwa Yawuri da Sakkwato ya sa girkin ɓangarorin biyu ya haɗu a madafan iyayenmu mata.

Bayan Turawa sun ci Kontagora a 1901, a zamanin Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse, abubuwa suka fara sauyawa. Layin dogo ya isa Kano a 1911, daga 1912 gyaɗa ta zama kayan fitarwa zuwa Turai, abin da ya kai ga dalar gyaɗa ta Kano. Farin sukari ma ya yawaita, musamman bayan buɗe masana'antar Bacita a shekarun 1960. A hankali ya ture zuma da mazarƙwaila a kayan zaƙinmu, har nakiya da alkakin da ake kai wa amarya a gara. Zaƙi ya ƙaru, yaji ya ragu.

Yau turmi ya yi shiru a gidaje da yawa. Yaro ya fi sanin biskit da cakulan na leda, ciwon suga kuma ba baƙo ba ne a zuriyoyinmu. Tsofaffin da suka san daidai lokacin sauke aya daga wuta, kafin ta yi ɗaci, suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Da yawan zawarawa da kuɗin dakuwa suka ciyar da marayu, in sana'ar ta mutu, wannan ƙofa ta rufe.

Ba mu ce a yi gaba da sabon abu ba. Mai son jan hankalin yara tana iya narka baƙar cakulan mara yawan sukari, ta tsoma dunƙulen, ta sa a firji ya daskare. Ai koko ɗin da ake cakulan da shi ma daga Amurka ya fito, ɗan garin su gyaɗa ne. Sai dai a rage sukari, a daka dabino a madadinsa, a kuma tsince gyaɗa sosai, domin wadda ta yi fumfuna tana ɗauke da guba mai cutar da hanta, kuma suya ba ta kawar da ita.

Roƙonmu ga duk mai kaka ko gwaggo da ta iya wannan sana'a: a kai mata 'yan mata su zauna kusa da turmi, su koya da hannu tun tana raye. Allah ya jiƙan iyayenmu da suka rigaye mu, ya sa albarka a abin da suka bar mana. Amin.