Wa Ya Kamata Sumayya Ta Aura? Tsohuwar Gardamar 'Yan Kallo a Dutse

Lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991, aka mai da Dutse babban birninta, gidajen da ke da talabijin a unguwarmu ba su da yawa. Tashoshin Kano muke kamawa, NTA da CTV, su ma sai an ɗaure eriya a kan dogon gora, yaro ya hau katanga yana juyawa, ana ce masa daga ƙasa ya dawo kaɗan. Wasannin da suka yi tashe a wancan zamani na barkwanci ne da gyaran hali, irin su Samanja da Karkuzu da Kuliya. A ƙyalƙyale da dariya, a tashi a kwanta. Gardamar wa ya dace da wance, wadda yau ta cika majalisu da wayoyi, ta ƙofar littafi ta fara shigo mana.

A farkon shekarun 1990 littafin Ado Ahmad Gidan Dabino, In Da So Da Ƙauna, ya game gari. Haya ake ba da shi, ya bi hannuwa har bangonsa ya yage a liƙe da ƙullun fulawa. A gidanmu yayata ce mai karatu. Bayan sallar isha'i takan zauna bakin fitilar ƙwai, matan gida na zagaye da ita, wata na ɓarar gyaɗa, wata na tsifar kai. A littafin, Sumayya 'yar masu hali ta ce sai Muhammad talaka, iyaye suka ce sai mai kuɗi. Ranar da aka kai inda ta faɗa rijiya, goggonmu ta ture faifan da ke cinyarta ta ce, "Ke 'yar nan, rufe littafin nan. Wace 'yar halak ce za ta yi wa uwarta haka saboda namiji?" Amaryar gidan, wadda ita kanta ba a tambaye ta ba aka ɗaura mata aure, ta ce a hankali, "Goggo, ai da an saurare ta da ba a kai nan ba." Tsakar gidan ya yi tsit. Kowa ya san ba a kan Sumayyar littafi kaɗai ake magana ba.

Wannan jigo ya girme mu duka. Tun a shekarun 1930 Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East ya kawo Abubakar da Zainab, da Malam Shehu mai dukiya da ya shiga tsakaninsu. Talaka mai so, attajiri mai iko, yarinya a tsakiya: Bahaushe bai taɓa gajiya da yanke hukunci a wannan shari'a ba.

Da finafinan bidiyo suka zo, daga Turmin Danya na 1990, gardamar ta koma gidajen kallo da shagunan hayar kaset. Mujallar Fim, wadda Ibrahim Sheme ya fara fitarwa a 1999, ta buɗe wa masu kallo shafin wasiƙu. Sai dai fim na ƙarewa a kaset ɗaya ko biyu, kafin ka gama fushi an ɗaura aure an tashi.

Shiri mai dogon zango ne ya sauya lamarin. Tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, ta kawo Daɗin Kowa, sannan Kwana Casa'in, mutane suka saba zama da taurari mako bayan mako har suka zama tamkar maƙwabta. A 2020 Labarina na Aminu Saira ya fito, da wata Sumayyar, wadda Nafisa Abdullahi ta fito a matsayinta. Wannan karon ita ce mai ƙaramin ƙarfi. Cikin masu nemanta, ga Mahmud, wanda Nuhu Abdullahi ya taka, da ya san ta tun ana cikin babu; ga Presido ɗan masu da shi; ga kuma Lukman. Dutse ta rabu. A teburin mai shayin da nake zama a Takur, 'yan acaɓa da leburori kusan duk 'yan Mahmud ne, kalmar da ke bakinsu ita ce halacci. Duk sanda Sumayya ta yi wa Presido murmushi, sai ka ji an buga kofi a tebur ana cewa butulu. Ɗalibai mata na Jami'ar Tarayya ta Dutse da ke haya kusa da mu kuwa cewa suke, taimako ba sadaki ba ne, don mutum ya yi maka rana ba ya nufin ya sayi zuciyarka. Na fi karkata ga maganarsu, amma na fahimci zafin 'yan teburin shayi. Da yawansu sun yi shekaru suna hidima a gidan yarinya, toshi da kayan salla, rana tsaka wani ya zo da mota.

Inda nake ganin masu kallo sun yi gaskiya gaba ɗaya shi ne abin da ya biyo baya. Aka kashe Mahmud a labarin. Daga baya Nafisa ta bar shirin, Fati Washa ta karɓi matsayin Sumayya. Mutumin da ya yi watanni yana sayen data, ko yana zuba wa janareta mai don ya ga ƙarshen wannan takara, sai ya tarar an zare masa ɗan takara ɗaya, an kuma sauya fuskar wadda ake takarar dominta. Tambayar da aka ɗora masa tun farko, halacci ko zaɓin zuciya, mutuwa ce ta amsa ta, ba Sumayya ba. Wannan ƙorafi ne na wanda ya san labari, kuma ya cancanci a saurare shi.

Abin da ba na goyon baya shi ne yadda fushin ke tsallake tauraruwar labari ya faɗa kan 'yar wasa. Goggo ta la'anci halin Sumayyar littafi, amma ba ta taɓa zagin iyayen marubuci ba, domin a gaban mutane take magana kuma za a haɗu da safe. Yanzu yaro na kwance a ɗaki zai rubuta wa matar da bai taɓa gani ba abin da ba zai iya furtawa a zauren gidansu ba.

Don haka roƙona biyu ne. Masu shirya mana wasanni, ku san ƙarshen soyayya kafin ku ɗauki fitowar farko, ku kuma ƙulla yarjejeniya da 'yan wasa har zuwa wannan ƙarshe. Mu kuma 'yan kallo, mu ci gaba da gardamarmu a kan Sumayya, mu bar Nafisa da Fati da iyayensu su sha iska.