Kanwa da gishiri a tarihin fataucin Manga da Kawar

Tun kafin zuwan Turawa, fataken Damagaram da Kano sun rarrabe kayan da suke ɗauko: kantu da beza daga Bilma, mangul daga Manga, ungurnu daga gaɓar tabkin Cadi. A ganinmu, duk wanda ya haɗa su a kalma guda, gishiri, ya ɓata lissafin wannan fatauci, domin kowane da kasuwarsa da masu sayensa.

Dalilin bambancin yana cikin ruwan ƙarƙashin ƙasa. A 1970 Hardie da Eugster suka bayyana cewa in rana ta ƙafar da ruwa, farar ƙasa ce ke fara kwantawa. In bikarbonat ya rinjayi kalsiyom tun farko, abin da ya saura sai ya zama kanwa. In kalsiyom ya rinjaya, ruwan ya karkata wajen gishiri. Binciken Maglione na 1976 a kan tabkunan Kanem ya bi wannan hanya dalla-dalla.

Saboda haka muke karanta littafin Lovejoy na 1986 tare da taswirar duwatsu. Sunan da bafatake ya ba kayansa yakan nuna irin ruwan da aka ƙafe, wani lokaci har da kwarin da aka haƙo shi.