Harshen Mai Haƙar Rijiya da Ma'aunin Masana

Tun zamanin da ba a san lantarki ba a ƙasar Karaye da Rogo, al'adar mutanen Ruwan Bago da maƙwabtansu ita ce, idan mai haƙar rijiya ya cim ma ruwa, ba a yanke hukunci a kansa sai an kai shi baki, domin a rarrabe mai daɗi da mai zartsi. Malamai kuwa, bisa mazhabar Imamu Malik, da launi da ɗanɗano da ƙamshi suke auna ruwan tsarki, kuma Risala ta Ibnu Abi Zaidin ta yi rangwame ga ruwan da ƙasar da yake kwance a cikinta ta jirkita shi, ko da ƙasar gishiri ce.

Abin da harshen magabata yake ganowa, shi ne masanan Turai suka daɗe suna bahasi a kansa, har Arrhenius, mutumin Suwidin, ya bayyana a 1884 cewa gishiri da kanwa da ire-irensu, idan suka narke, rarrabuwa suke yi zuwa ƙananan ƙwayoyi masu ɗauke da cajin lantarki, waɗanda su ne ke tafiya da wutar daga wannan gefe zuwa wancan. Shi ruwa a zatinsa ƙwayoyin nan kaɗan ne ƙwarai a cikinsa, kamar yadda Kohlrausch ya tabbatar a Jamus a 1894, bayan ya yi ta tace shi har wuta ta kusa kasa ratsa shi; ruwan teku ya fi irin wannan isar da lantarki kimanin sau miliyan ɗaya.

A ganina hujjar malaman fiƙihu da ta masanan ba su saɓa ba, domin kowanne da tambayar da yake amsawa. Ruwan rijiyar Ruwan Bago, da na madatsar Chalawa da aka kammala a 1992, mai tsarki ne mai tsarkakewa, amma ya ratso dutse da ƙasa, ya kwaso ma'adinansu masu sa shi isar da lantarki, ko da harshe bai ji ba.

Saboda haka, ya kai mai karatu, idan ka idar da alwala, ka tsane hannunka kafin ka taɓa waya ko makunnin wuta.