Kiɗan Kantiri da Hannayen da Aka Manta

Tun ina yaro nake jin muryar Don Williams a rediyon mahaifina, ina zaton kiɗan kantiri gadon Turawa ne zalla. Karatu ya gyara mini zato. Kiɗan ya tsiro ne a kudancin Amurka, inda gogen 'yan ƙaura daga Birtaniya ya haɗu da banjo, wanda bayin Afirka suka fara ƙerawa da ƙwarya, tamkar gurminmu. A 1927 Ralph Peer ya naɗi waƙoƙin Jimmie Rodgers da iyalan Carter a garin Bristol. Sai dai kamfanoni sun raba kasuwa: faifan farare daban, na baƙaƙe daban. A 1941 aka sallami DeFord Bailey, baƙar fata, daga shirin Grand Ole Opry. Kiɗan ya bunƙasa a Nashville, amma sunayen maƙeran banjo na farko sun ɓace.